Cin Huoguo a Ƙaramin Shagon Unguwa a Ƙasar Sin: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan kasuwa masu zuwa sarin kaya Guangzhou da Yiwu, da ɗalibanmu da ke karatu a biranen Sin, musamman ranar da abokin ciniki ko ɗan aji ya ce a zo a je cin huoguo. Maganar ƙananan shagunan cikin unguwa muke yi, masu tebur goma zuwa ashirin, ba manyan gidaje masu rassa ko'ina irin Haidilao ba.

Mene ne huoguo ɗin ma tukuna?

Tukunya ce ta romo da ake ɗorawa a tsakiyar tebur a kan wuta, tana tafasa tun daga zamanku har tashinku. Ba a kawo muku dafaffen abinci. Ɗanyen nama ake kawowa an yanka shi siriri, da kayan ciki, da kifi, da ganye, da awara, da taliya, kowanne a farantinsa. Kowa ya ɗauki abin da yake so ya tsoma a tukunyar, ya nuna, ya tsamo, ya dangwala a ɗan kwanon miyarsa, ya kai baka. Mai shago romo da yanka ne aikinsa, girki naku ne. Zaman yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka ba abincin mai sauri zuwa kasuwa ba ne.

Iri ɗaya ne a ko'ina?

A'a, kuma sanin irin da ka shiga shi ne rabin aikin. Na Chongqing da Sichuan jawur yake, an narka kitsen sa mai yawa, an zuba busasshen barkono da wani ɗan ƙwaya da suke kira huajiao. A tsofaffin shagunan Chongqing za ka ga an saka wa tukunyar ƙarfe ya raba ta gida tara: tsakiya ta fi tafasa, nan ake tsoma abin da ke nuna nan take, kusurwoyi kuma na abin da ke son jinkiri.

Na Beijing tukunyar tagulla ce mai bututu a tsakiya, a cika bututun da garwashin gawayi. Romonta kusan ruwa ne zalla, da citta da albasa mai lawashi da 'yan busassun 'ya'yan itace, saboda naman rago ake so a ji, ba romo ba. Wannan salon yana da tsohuwar alaƙa da Hui, wata ƙabilar Musulmi ta ƙasar Sin. Shahararren gidan Donglaishun wani Bahui mai suna Ding Deshan ne ya kafa shi a 1903. A Guangzhou kuwa abin da za ka fi cin karo da shi shi ne na Chaoshan, wani yanki a lardin Guangdong: farin romon ƙashin sa da naman sa yankan ranar, wanda bai taɓa shiga firiza ba, mahauta na yanka shi da wuƙa a gabanka a bayan gilashi.

Musulmi zai iya ci a kowane shago idan ya kauce wa naman alade?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma amsarta a ƙofar shago take, ba a kan tebur ba. A shagon da ba na Musulmi ba, ƙin yin odar farantin alade bai raba ka da shi ba. Farin romon da ake kira gutang galibi da ƙashin alade ake dafa shi, kuma da shi ake ƙara wa tukunya ruwa idan ta ja baya, ko da jar tukunya ce. Curin nama da na kifi da niƙaƙƙen jatan lande sau da yawa ana cuɗa su da kitsen alade don su yi laushi. Wani curin kifin ma an cusa masa niƙaƙƙen alade a ciki. Naman gwangwani da ake yankawa fale-fale na alade ne. Akwai wani abu ja-ja mai santsi da ake kawowa an yanka shi murabba'i kamar awara, daskararren jinin agwagwa ne. Jan romon Chongqing kuma akan zuba masa giyar girki ko jiƙaƙƙiyar shinkafa mai tsami tun wajen soya kayan haɗinsa. Sannan ga maganar yanka: sa ne, rago ne, amma wa ya yanka?

Mafita ita ce shagon da ke da alamar 清真, ana faɗinta qingzhen, yawanci a kan koren allo. Ka haddace siffar haruffan nan biyu ko ka ajiye hotonsu a waya, domin a 'yan shekarun nan an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa, ba lallai ka ga "halal" da idon da ka saba ba. A Guangzhou ka nema a Xiaobei da kewayen masallacin Huaisheng da ke titin Guangta. A Beijing unguwar Niujie. A Yiwu ma suna da yawa saboda baƙin Larabawa da Musulmin arewa maso yammacin Sin. Idan ka shiga ka ga masu hidima da farar hula ko mata da ɗankwali, an manna takardar shaida a bango, hankali ya fi kwanciya. Wasu shagunan qingzhen suna sayar da giya duk da haka, wannan kuma kai za ka duba ko za ka zauna.

To tukunya mai gida biyu fa? Ba zan iya riƙe ɓangare ɗaya ni kaɗai ba?

Tukunyar yuanyang, wadda aka raba da lanƙwasasshen ƙarfe, an yi ta ne don mai son yaji da wanda ba ya so su ci tare. Ba ta raba halal da haram. Idan ta tafasa romo yana fantsama daga nan zuwa can, ludayi ɗaya ke yawo, tsinken cin abincin kowa yana shiga ko'ina, kuma a tsohuwar tukunya ƙarfen tsakiyar yakan yi yoyo ta ƙasa. Ƙaramar tukunyar mutum ɗaya da wasu shaguna ke bayarwa ta fi wannan, amma ita ma ba ta warware matsalar romo da yanka da aka faɗa a amsar da ta gabata ba.

Abokin ciniki ne ya gayyace ni, yaya zan yi ban ɓata masa rai ba?

Ka faɗa tun ana shirya tafiyar, ba bayan an zauna an kunna wuta ba. Sinawa sun san Musulmi a cikinsu, kalmar qingzhen kaɗai ta isa, kuma mai masaukin da yake son ciniki da kai zai nemo shagon da ya dace ba tare da jin komai ba. Abin da ke ba shi kunya shi ne ya kashe kuɗi ka zauna kana kallon tukunya. "Wo bu chi zhurou" na nufin ba na cin alade, amma ita kaɗai ba ta wadatar. Idan an ɗaga kofi ana gaisawa da giya, ka ɗaga na shayi. Al'ada ce sananniya a wurinsu, har suna da lafazinta, "yi cha dai jiu". Wanda ya yi gayya shi ke biya. Ka nuna za ka biya sau ɗaya, ya hana ka, ka bari, wata rana ka rama.

Na shiga na zauna, me zan fara yi?

Da romo ake farawa, ana kiransa guodi, kuma kuɗinsa daban ne. Idan ja ne za a tambaye ka ƙarfin yaji: weila kaɗan, zhongla matsakaici, tela mai tsanani. Baƙo ya ce weila, ko da yana tinƙaho da cin attaruhu, domin yajin yana ƙaruwa ne yayin da tukunya ke ƙonewa. Wanda ba ya son yaji sam yana da farin romo, ko na tumatir, ko na laimar kwaɗi.

Oda kuma ko dai a ba ka doguwar takarda da fensir ka yi alama a gaban abin da kake so, ko ka ɗauki hoton lambar da ke manne a kusurwar tebur da manhajar waya ta WeChat, jerin abincin ya fito da hotuna. A Guangdong, lardin da Guangzhou take, za a kawo butar shayi da wata roba babu komai a ciki. Zubin farko ba na sha ba ne: da shi ake ɗauraye kofi da kwano da tsinken cin abinci, a juye a robar. Kafin tukunya ta tafasa, minti biyar zuwa goma, sai ka tashi ka haɗo miyar dangwale. Kada a zuba komai sai ta tafasa sosai. A jan romo kuma sai kitsen ya gama narkewa.

Faranti nawa za mu yi oda?

Farantin nama a irin waɗannan shaguna yakan kama giram 100 zuwa 200. Mutum huɗu masu cin nama su fara da farantin nama biyar ko shida, ganye da saiwa uku, awara ɗaya, laimar kwaɗi ɗaya, taliya ɗaya ta ƙarshe. Ku biyu ne, ku tambayi banfen, wato rabin faranti, don ku ɗanɗana abubuwa da yawa. Kuskuren sababbin zuwa shi ne cika tebur tun farko. Ana iya ƙarawa kowane lokaci, amma ɗanyen naman da aka ajiye kusa da wuta na awa guda yakan saki ruwa ya yi laɓo-laɓo, kuma ba a mayar da shi.

Yaya ake haɗa miyar dangwale?

Miya tana bin romo. Ga jan romon Chongqing, man riɗi ne rabin ƙaramin kwano da dakakkiyar tafarnuwa cokali ɗaya, in ka so ka ƙara lawashi da ɗan gishiri. Man ba don daɗi kawai ba ne, yana sanyaya loma yana kuma wanke barkonon da ya maƙale mata. Ga ragon Beijing, markaɗaɗɗen riɗi ne mai kauri cokali biyu ko uku, da ɗan gishirin furen albasa da suke kira jiucaihua, da jar awara mai tsami kaɗan. Ita wannan jar awarar akan jiƙa ta da giyar shinkafa, don haka a wajen shagon qingzhen a bar ta. Ga naman Chaoshan, miyar shacha ce, mai busasshen kifi da jatan lande da gyaɗa. Duk wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi ko kayan teku ya yi hattara a teburin miyar nan, cokulan suna gauraya.

Kada ka ɗebo komai ka tara a kwano ɗaya don ka ga kyauta ne. Abu uku ko huɗu sun isa. Kuma ba kyauta ba ne, ana lissafa shi a kan kowane mutum, kamar yadda za a gani a amsar kuɗi.

Me ake fara sakawa, me ake bari ƙarshe?

Abin da ke daɗewa, irin su curin nama da farar saiwar radish da masara, a jefa su gefe tun farko su yi ta nuna. Sai nama da kayan ciki, lokacin romo yana da tsabta da ƙarfin wuta. A tukunyar Chaoshan ana fara wa da marar kitse a gangaro zuwa mai kitse, don kada romon ya yi maiƙo da wuri. Bayan nama sai awara da laimar kwaɗi, sannan ganye. Dankali da taliya su ne na ƙarshe: suna sakin gari, romo ya yi kauri, ya kama a gindin tukunya ya fara ƙauri. Ganye a jan romo kuwa tarko ne, yana kwaso mai da barkono fiye da kowane nama. In akwai ɓangaren fari, can ne wurinsa.

Minti nawa kowane abu yake ɗauka?

Lissafin nan daga lokacin da romo ke tafasa ne, ba lokacin da ya lafa ba. Siririn yankan sa ko rago daƙiƙa 10 zuwa 20, da zarar jan ya ɓace ka tsamo. Ya wuce minti ɗaya ya zama igiya. Kada ka sake shi, ka riƙe da tsinke ko ka sa a ludayi mai huji kana girgizawa. Tumbi mai ganye-ganye, wanda shi ne sarkin tukunyar Chongqing, daƙiƙa 15 ne ko kusa da haka. 'Yan garin suna da ƙa'idarsu, "qi shang ba xia": a tsoma a ɗaga, a tsoma a ɗaga, sau bakwai zuwa takwas, har gefensa ya ɗan nannaɗe ƙurajen jikinsa su miƙe. A nan yake ƙaras-ƙaras a baki. Hanjin agwagwa ma haka.

Jatan lande minti 2 zuwa 3, har ya yi ja ya lanƙwashe. Curin nama kusan minti 5. Idan ya taso sama a ƙara masa minti ɗaya ko biyu, musamman wanda ya fito daga firiza, don wajensa yakan yi zafi cikinsa da sanyi. Kaza mai ƙashi minti 10. Yankan dankali minti 4 zuwa 6, kafin ya farfashe. Laimar kwaɗi ta gona minti 3 zuwa 5. Latas da alayyahu rabin minti zuwa minti ɗaya. Faffaɗar taliyar dankalin Hausa tana kai minti 6 zuwa 8, sai ta yi garai-garai har tsakiya.

Abu biyu ba a yi musu gaggawa. Kifin ruwan daɗi, wanda a kudancin Sin yakan ɗauki tsutsar hanta, a bar shi ya yi fari fat har ciki, ba daƙiƙa goma irin na nama ba. Sai laimar kwaɗin daji ta lardin Yunnan: wasu irinta guba ne in ba su nuna ba, shi ya sa a can mai hidima ke ajiye agogo a tebur na minti 15 zuwa 20 ko fiye, wani shagon ma ba ya ba ku tsinke sai agogon ya buga. Kada ka ɗanɗana ko romon kafin nan.

Me ya sa tukunyar ta daina tafasa, nama ya fito fari-fari ba daɗi?

An cika mata kaya lokaci ɗaya. Faranti guda na daskararren nama yana kashe tafasa, naman ya jiƙa maimakon ya nuna, ya saki jini, kumfa mai toka-toka ta rufe sama. A kwashe kumfar da ludayi, a jira ta sake tafasa, a riƙa sa yanka uku-huɗu. Idan ruwan ya ja baya har ya yi gishiri, ka kira "fuwuyuan, jia tang", za a zo da buta a ƙara. Bayan an ƙara, a sake jiran tafasa. Wutar ma ba a barinta a sama dindindin: a ɗaga lokacin nama, a rage lokacin hira, in ba haka ba barkonon jan romo ya ƙone ya yi ɗaci.

Leɓena ya mutu, harshena yana zir-zir. Lafiya kuwa?

Lafiya lau, aikin huajiao ne, kuma yana wucewa cikin 'yan mintuna. Ɗan'uwan fasaƙwari ne da ake sakawa a yaji, dangin itace ɗaya suke, sai dai nan da hannu ake zuba shi. Kada ka tauna ƙwayar. Ka karkaɗe loma kafin ka tsamo, ka bi ta gefen da ke tafasa inda mai ya yi baya. Idan barkono ya kama ka, ruwan sanyi ba ya kashe shi, mai da madara ke yi. Madarar waken suya, ko yogot, ko farar shinkafa sun fi. Za ka ga 'yan gari da jan gwangwanin Wanglaoji, wani shayin ganye mai zaƙi, ko suanmeitang, ruwan 'ya'yan itace mai tsami-tsami. Mai ulsa ko basir ko yawan ƙwannafi ya tsaya a farin romo, kuma kowa ya guji jar tukunya a daren da zai wayi gari a jirgi.

Ana shan romon?

Jan romo ba a sha, mai ne da barkono. Fari, na ƙashin sa ko tumatir ko kaza, ana sha, amma a farko, kafin a fara tsoma nama: ka sa yankakken seleri ko lawashi a kwano ka zuba ludayi ɗaya. Bayan awa guda ya tara gishiri da maiƙo da abin da nama da kayan ciki suka saki. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko ciwon gaɓoɓi na yawan yurik asid ya bar shi. Loma ma kada a kai ta baka kai tsaye daga tukunya, a sauke ta a kwano ta sha iska. Kitsen sa yana riƙe zafi ba tare da ya nuna tururi ba, nan ake ƙona dasashi.

Ban iya tsinken cin abinci ba, kuma akwai ladubban da zan kiyaye?

Ka nemi cokali da ludayi mai huji, babu wanda zai yi maka dariya. Su kansu da ludayin suke kamo curin nama da awara. Tsinken da ya taɓa ɗanyen nama kada ya shiga bakinka. Akan ajiye dogaye na musamman don ɗauka da tsomawa, ana ce musu gongkuai, in ba a kawo ba ka tambaya. Ci da tsinken ɗanyen nama yana cikin dalilan gudawar da mutane ke ɗora wa yaji.

Sauran ladubban kaɗan ne. Kada ka tsamo abin da wani ya sa yana jira. Kada ka juye faranti guda ba ka tambayi abokan ci ba. Kada ka mayar da abin da ka gutsura cikin tukunya. Kada ka kafa tsinke a tsaye cikin shinkafa, yana kama da turaren da suke kunna wa mamaci. Idan babba a teburin ya tsamo nama ya sa maka a kwano, girmamawa ce, ka karɓa.

Akwai hatsarin wuta?

Akwai, kuma yawancinsa ƙuna ce daga romo. Yara su zauna ta ciki, nesa da hanyar da masu hidima ke bi da butar tafasasshen ruwa. A zura nama a hankali daga gefe, ba a jefa shi daga sama. Bututun tukunyar tagulla yana babbake duk abin da ya taɓa, har hannun riga, don haka mai babbar riga ko mayafi ya naɗe. Gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi yana tara iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Idan ciwon kai ko jiri ya kama mutum biyu a tebur ɗaya, ku buɗe taga ku fita nan take. A kan murhun lantarki kuma kada a ajiye waya ko cokali. Tufafi za su ɗauki wari, ba makawa. Yawancin shaguna suna ba da ƙyallen ɗaurawa a ƙirji, wasu kujerun ma ana ɗaga murfinsu a sa jaka da rigar sanyi a ciki.

Nawa za mu kashe, kuma yaya ake biya?

Lissafin kashi huɗu ne: kuɗin romo na tebur gaba ɗaya, kuɗin kowane faranti, kuɗin miyar dangwale a kan kowane mutum, da ƙananan abubuwa irin kwanukan da aka naɗe a leda, yuan ɗaya ko biyu, da tishu, da kuɗin shayi a Guangdong. A shagon unguwa mutum yakan tashi da abin da ya kama yuan 60 zuwa 120, ya danganta da gari da yawan naman da aka ci. Da yake kuɗin romo ɗaya ne ko ku nawa ne, mutum huɗu sun fi mutum biyu samun sauƙi. Ka ce "maidan" a kawo takarda, ka duba ko an sa abin da ba a kawo ba. Da WeChat ko Alipay ake biya. Tsabar kuɗi tana karɓuwa amma canji yakan yi wuya. Ba a ba mai hidima tukuici.

Ana cewa wasu shaguna suna sake amfani da man da wasu suka ci. Gaskiya ne?

Tsohuwar ɗabi'a ce a wasu shagunan jan romo, ana kiran man laoyou: a tace kitsen da ya rage a tukunyar baƙi, a sake tafasa shi, a zuba wa na gaba. Dokar ƙasar ta haramta, ana kuma kama masu yi. Shi ya sa shaguna da yawa ke kawo kitsen da kayan yajin a rufaffiyar leda su farke a gabanka, su rubuta a bango cewa romonsu na amfani sau ɗaya ne. Idan an kawo jar tukunya a haɗe daga kicin, ga mai ya cika ta, ga kuɗin romon ya yi arha fiye da kima, ka yi tambaya, domin kitsen sa mai yawa haka ba ya zuwa a banza.  Farin romo irin na Beijing da na Chaoshan ba shi da wannan matsalar, kana ganin gindin tukunya tun kafin a kunna wuta.